Tukuicin Adisa Mai Kondem

Duk wanda ya saba bi ta bakin babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi a Accra ya san rumfar Adisa, in bai san sunanta ba to ya san ƙarar gudumarta. Mace ce gajera kakkaura, ba ta cika dariya ba, kuma ba a taya mata kaya sau biyu. Sana'arta kondem, wato duk wani kayan lantarki da ya mutu aka yar, talabijin ne, firji ne, fanka ko tsohuwar kwamfuta. Masu kura su kewaya gari su kwaso su zube mata, ita kuma ta zauna a kujerar tsuguno ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ta ga da sauran rai a jikinsa, caja ko kibod ko wani ɗan abu na ciki, sai ta ware wa masu gyara na Circle da Zongo Lane, su haɗa wannan da wancan su tayar da kwamfuta guda wadda ɗalibi zai iya saya. Wanda ya mutu murus kuwa guduma ce rabonsa. Wayar wuta kuma da reza take fere ta yini guda, har yatsunta sun yi kanta, alhali kowa ya san da an cinna mata wuta da tuni jan ƙarfen ya fito. Amma a rumfar Adisa ko ashana ba a ƙyastawa. Ta taɓa bin wani mai kura da ƙafar fanka har bakin titi don ya kunna sigari a gefen kayanta.

Ƙiyayyarta da wuta tana da dalili. Tana budurwa ta baro ƙauyensu a wajen Tamale, a bayan motar doya, ba ta riƙe da komai sai daro. Ta yi kayayo a kasuwar Agbogbloshie, dakon doya da albasa a ka, tun wuyanta yana ciwo har ya daina. A bayan kasuwar nan akwai filin da ake ƙona waya a ciro jan ƙarfe, a can Fuseini yake aiki. Dogo ne, ɗan yankinsu, kuma abin dariya ga mai sana'ar hayaƙi, mutum ne mai masifar tsafta. Ba ya zuwa gaishe ta sai ya biya famfo ya dirje jikinsa da sabulu. Yana da farar riga guda ɗaya ta Juma'a, yana ajiye ta a cikin leda biyu don kada ƙauri ya kama ta. Da wannan rigar ya je neman aurenta, da ita aka ɗaura, suka kama ɗaki a Maamobi, suka haifi 'yarsu Najat.

A shekarun nan ne Tawfiq ya shigo rayuwarsu. Ɗan Nima ne, bakinsa zaƙi, Turancinsa santsi, bai taɓa ɗaukar abin da ya fi wayar hannu nauyi ba. Aikinsa raka Turawa masu kamera zuwa filin ƙona waya, su ɗauki hoton wahala su koma ƙasarsu. Wata rana ya zo da tasa kamerar, ya dubi masu aiki, ya zaɓi Fuseini saboda tsawonsa.

"Cale, aboki na, cire riga," in ji shi. "Jefa soson firji ɗin nan cikin wuta, hayaƙi ya yi baƙi sosai. Yauwa. Matsa kusa, hoto ya fito da kyau."

Fuseini ya cire riga, ya matsa, hayaƙi ya turnuƙe shi har idonsa ya kawo ruwa. Tawfiq ya saya masa kwalbar lemo. Da ya dawo gida yana ba Adisa labari yana dariya yana tari, wai yau ya zama ɗan fim.

Tarin nan bai bar shi ba. Ya fara da na safe, ya koma na kullum, ya zo yana fita da jini. Shekarar da aka rushe filin aka watsa masu aikinsa, Fuseini ya riga ya kwanta, kuma bai ga ƙarshen shekarar da ta biyo ba. Adisa ta yi takaba, ta fito, ta ajiye daro ta kama sayen kondem, tun da shi ne abin da ta ga mijinta yana sarrafawa. Ta ninke farar rigar ta mayar cikin ledarta.

Shi kuwa Tawfiq, Allah ya buɗa masa, ko kuma a ce hoton ya buɗa masa. Ya kafa ƙungiya, ya je Makka, ya zama Alaji. Turawa suna tara tsofaffin kwamfutoci a ƙasarsu suna aiko masa kontena-kontena, wai don makarantun Zongo, wato unguwannin Musulmi irin su Nima. Wata safiya Adisa tana dawowa daga Circle a tirotiro, motar haya, sai motar ta tsaya a cunkoso a babban titin Nima, ta ɗaga kai sai ga mijinta. Ƙaton hoto na leda ya rufe gaban bene. A hagu Fuseini ne ba riga, haƙarƙari a waje, ido jajir cikin baƙin hayaƙi. A dama Alaji Tawfiq ne cikin babbar riga, haƙora talatin da biyu a waje, ya miƙa hannu kamar mai ceto. Mutumin da yake wanka kafin ya gaishe da mace, shi aka rataye tsirara a bakin titi, duk Accra tana wucewa tana kallo. Ta sauka daga motar ba ta san ta sauka ba.

Ba a daɗe ba Najat ta fara dawowa daga makaranta da kumburarren ido. Hanyar makarantar ta ƙarƙashin benen take, yara kuma ba su da tausayi, sun laƙaba mata 'yar mai hayaƙi. Adisa ta yi wanka, ta yafa mayafin kirki, ta hau benen. Hausarta ta kan titi ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji, amma ta zaɓi kalmominta da ladabi.

"Alaji, ina kwana. Mutum ɗin nan na hoto, miji na ne. Ya rasu. Yarinya na yana kuka kullum. Don Allah ka sauke shi."

Tawfiq bai ko ɗago daga wayarsa ba. "Mma, hoto ɗin nawa ne, ni na ɗauka da kamera na."

"Jiki ɗin fa, Alaji? Na wa ne?"

Sai a nan ya dube ta, ya yi murmushin nan na jikin hoton. "Bari in gaya maki gaskiya. Miji naki da yana raye, me ya kawo ma Zongo? Tari. Yanzu da yana bango, kontena yake kawowa. Ki je ki gode ma Allah."

Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba. Ta sauko matakala, kuma tun kafin ta taka ƙasa ta sha alwashin sai ta sauke hoton nan, sai kuma mai shi ya ɗanɗani irin tsiraicin da ya yi wa mijinta. Yadda za ta yi ne ba ta sani ba. Mai kondem ce, shi kuwa yana zama layin gaba a masallaci.

Hanyar da kanta ta zo ta same ta. Malam Kassim, shugaban 'yar makarantar da Najat take, ya aiko a kira ta, ya ce ta biyo ta ƙofar baya. Ya buɗe mata wani ɗaki, ga kwamfutoci jibge har rufi, ƙura ta lulluɓe su. Kyautar Alaji Tawfiq ce. An kawo su da kiɗa, an jera yara an ɗauki hoto, an ci shinkafa an watse. Da aka jona su da wuta, ko ɗaya ba ta kama ba. Yara suna nan suna koyon kwamfuta a jikin allo, malami ya zana linzamin kwamfuta da alli ya ce ga inda ake dannawa. To amma a Zongo wa zai buɗi baki ya ce kyautar da aka yi masa a bainar jama'a ba ta da kyau? Sai a ce ba ka da godiya, gobe a tsallake ka. Malam Kassim ya yi shiru har ɗakin ya zama ana bukatarsa don aji, shi ne ya ce ta kwashe a hankali, kada kowa ya ji.

Da ta kai su rumfa ta goge ƙurar ta farko, sai ga fuskar mijinta. A jikin kowace an manna sitika mai faɗin tafin hannu, kuma hoton nan ne dai, Fuseini cikin hayaƙi. An manna shi daidai bakin murfi, rabi a jikin akwatin rabi a kan murfin, yadda ba mai buɗewa sai ya tsaga fuskar biyu. Ta ɗaga guduma, ta sauke. Ta ɗauki reza, ta ajiye. Adisar da take fasa firji kamar ƙwai ta kasa taɓa akwatin gwangwani.

Ta tura su ƙuryar rumfa ta rufe da buhu. Sauran makarantu suka ji akwai mai kwashewa a asirce, su ma suka riƙa aikowa ta ƙofar baya. Tana karɓa tana jibgewa, ba ta fasawa, ba ta sayarwa, har wurin zamanta ya koma bakin kwata. Maƙwabta suka ce baƙin ciki ya taɓa mata kai. Ita kuwa duk wadda ta ɗaga sai ta ji ta sakayau, ko Najat da hannu ɗaya take ɗauka. Kuma a Circle, wurin masu gyaran da take kai wa kaya, ta sha ganin kayan cikin kwamfuta masu kyau a kwali, in ta tambaya a ce daga shagon Alaji ne. Ba sai an zana mata a allo ba. Mugun yana kwashe hanjin ya sayar, ya rufe ƙwarangwal ɗin da fuskar mijinta ya kai wa yara.

Sai ga labari ya cika Nima, wai ɗaya daga cikin sarakunan Zongo zai naɗa wa Alaji Tawfiq rawani saboda alherinsa ga makarantu, har Turawan da suke aiko da kayan za su turo mutum biyu su shaida. Ranar da Adisa ta ji, an ce an ga haƙoranta, abin da aka daɗe ba a gani ba.

Ta sauko da tsohon daronta ta wanke. Ta bi ƙawayenta na zamanin kayayo ɗaya-ɗaya, waɗanda har yanzu suke dako da waɗanda suka daina, ta gaya musu abin da take so da yarensu. Ta ari leshi da sababbin atamfofi a wurin matan unguwa, ta ce gudummawa za a kai. A bikin Zongo in aka ga ayarin mata da kaya a ka, an lulluɓe da leshi, kowa ya san abin arziki ne ya zo. Ana tarbarsu da guɗa, ba a shigar da kayan ciki sai an buɗe a gaban jama'a sanƙira ta faɗi abin da aka kawo da wanda ya aiko, sannan mai biki ya ba masu dakon tukuici. Mai biki bai isa ya ce a mayar ba, kuma mai son a sani irin Tawfiq ko a mafarki ba zai ce a buɗe a ɗaka ba.

Ranar naɗi aka toshe layi da rumfuna da kujerun roba. Lasifika tana tsaga kunne, makaɗa suna yi, an ciro ƙaton hoton daga bene an kafa shi a bayan manyan baƙi. Sarki, dattijo, yana zaune, farin rawani a ninke a kan cinyarsa. Turawa biyu, mace da namiji, sun yi jajir da rana suna ta murmushi. Hajiya Suweiba ce da makirfo, sanƙirar da ba a biki a Nima ba da ita ba, mace mai murya kamar ta mutum uku.

Ana dab da naɗi sai guɗa ta tashi daga bakin layi. Mata ne a jere, daro a kan kowacce, leshi yana ƙyalli.

"Jama'a a ba da hanya, kaya ya zo!" in ji Suweiba. Ta tari ta gaba ta tambaya daga ina, aka gaya mata, ta juyo ta ƙwala: "Daga makarantun da Alaji ya taimaka! Sun ce ba za su bari a yi ba su!"

Wuri ya ɗauki tafi. Tawfiq ya sunkuya yana fassara wa Turawa, baki har kunne. Mata suka sauke daruka a gaban sarki.

"Alaji, masu kaya sun sha rana," in ji Suweiba. "Tukuici fa?"

Ya fizge makirfo, ya gyara babbar riga. "Babba nasu ya faɗi abin da yake so. Gaban sarki, gaban baƙi, na ba shi!"

Ta ƙarshe a ayarin ta matso, ta janye mayafi daga fuskarta. Tawfiq ya gane ta, murmushin ya daskare a inda yake. Ta yaye leshin farko, sauran mata suka yaye nasu. Kwamfutocinsa ne, da ƙurarsu, fuskar Fuseini a jikin kowace.

Bakin Tawfiq bai mutu nan take ba, ai da shi yake ci. "Yara sun ɓata su ne," in ji shi da sauri, ya maimaita da Turanci. "Sun kawo ne a gyara. Yara ne, kun sani."

Adisa ta ɗauki ɗaya ta ɗora a teburin baƙi. Ta kama hannun Baturiyar ta shafa mata sitikar, ta nuna wa sarki, kowa ya ga lafiyarta ƙalau, tun da aka manna ba a taɓa buɗe murfin ba. Sannan ta zaro rezarta ta fere waya daga bakin zane. Nan ta tsaya. Fuseini yana kallonta daga cikin hayaƙi, kuma ta san ba wata hanyar shiga akwatin nan sai ta tsakiyar fuskarsa. Ta yi masa magana ƙasa-ƙasa da yarensu, ta ce ya yafe mata. Ta ja reza daga goshi har haɓa, ta ɓalle murfin.

Wayam. Sai 'yar fanka da yanar gizo-gizo. Suweiba ta leƙa, ta zura hannu da makirfo ciki har lasifika ta yi ƙugi. Sanƙira kuwa abin da ta gani take faɗa, shi ne mutuncin sana'arta.

"Jama'a, kwamfuta ɗaya, babu komai a ciki! Wallahi ko ɓera ya shiga da yunwa zai fito!"

Adisa ta jawo ta biyu. Tana tsagawa tana buɗewa, hawaye yana zuba ba ta share ba, kowace tsaga a ranta Tawfiq take yanka. Suweiba tana bin ta tana shela, wayam, wayam, jama'a suka fara amsa mata kamar amshin waƙa. Can sai Malam Kassim ya miƙe daga cikin kujeru ya ce tasu ce waccan, kuma tun ranar da aka kawo ba ta taɓa kamawa ba. Wani malami ya miƙe, wani ya bi. Kunyar da ta rufe musu baki shekara da shekaru ta tashi ta koma kan mai ita.

Baturen ya daina murmushi, ya ciro waya yana ɗaukar akwatunan, sannan ya juya ta kan Tawfiq, wanda gumi ya jiƙa wa babbar riga, yana ja da baya yana neman inda zai ɓuya. Adisa ta dube shi.

"Alaji, matsa kusa," in ji ta. "Hoto ya fito da kyau."

Sarki ya ɗauki rawanin daga cinyarsa ya miƙa wa na bayansa, aka mayar cikin jaka. Yana shirin tashi Adisa ta durƙusa a gabansa.

"Baba, saura tukuici na." Ta nuna ƙaton hoton.

Sarki ya dubi Tawfiq. "A gabana ka faɗa. A sauke mata."

Ba kowa ne ya yaba mata ba. Kontena ta daina zuwa, masu gyaran da suke samun kaya a shagon Alaji wasunsu sun daina amsa gaisuwarta, kuma a makarantar Malam Kassim har yau da alli ake zana linzami. Akwai masu cewa mace ba ta tozarta mutum a gaban baƙi. In maganar ta iso kunnen Adisa sai ta ce su je su gode ma Allah.

Hoton kuwa a ka ta kai shi gida, a cikin daro. Ta shimfiɗa shi a tsakar gida ta raba shi biyu da reza. Rabin Fuseini ita da Najat suka wanke da sabulu, suka yanke hayaƙin iya inda yake yankuwa, suka kafa shi a bangon ɗaki. Sannan ta kwance leda biyun nan, ta ciro farar rigar Juma'a, ta rataye ta a kan hoton daidai kafaɗa, ta rufe masa ƙirji.

Ɗaya rabin yana rumfa, a shimfiɗe a ƙasa inda take fasa kaya, wai don kada ƙananan kusoshi su ɓace cikin turɓaya. Babbar rigar ta yi baƙi da mai, hular ta huje, amma murmushin yana nan. In baƙon mai kura ya zo da mataccen talabijin ya tambayi inda zai sauke, Adisa ba ta ɗago kai daga wayar da take ferewa. Da reza take nuna masa.

"Kan haƙoran," in ji ta.